Hakeem Olajuwon: Golan Legas Da Ya Zama Gwarzon Ƙwallon Kwando A Amurka

Duk ƙauyen da ka shiga a ƙasar nan za ka tarar da yara suna buga ƙwallon ƙafa. In babu ƙwallo sai su ɗaure tsumma su buga. Amma ƙwallon kwando ba kowa ya san ta ba. An fi ganinta a makarantun kwana da barikin soja da manyan birane irin su Kano da Kaduna da Zariya. Duk da haka, ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa iya wannan wasa a tarihin duniya ɗan Nijeriya ne. Sunansa Hakeem Olajuwon. Ya bar wasa tun shekarar 2002, amma har yau akwai abin da ya yi wanda babu wanda ya kamo shi.

Mutane da yawa suna zaton tsawo ne kawai ya kai shi inda ya kai. Gaskiya dogo ne. An rubuta tsawonsa ƙafa 7, wato mita 2 da ɗoriya. In zai shiga zauren gidajenmu sai ya duƙa sosai. To amma a inda ya yi wasa dogaye sun yi yawa, har da waɗanda suka fi shi. Abin da ya raba shi da su abu biyu ne: ƙafafunsa, da kuma yadda ya koyi danne zuciyarsa.

Yadda wasan yake

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan bayyana wasan ga wanda bai taɓa gani ba. Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1891. Ya rataye kwandunan zuba 'ya'yan itace a sama, ya ce ɗalibansa su riƙa jefa ƙwallo ciki. Daga nan sunan ya samo asali. Yanzu ba kwando ba ne, zoben ƙarfe ne da raga a jikinsa, an kafa shi ƙafa 10 daga ƙasa.

Kowane ɓangare mutum biyar ne. Da hannu ake yi. Ba a yarda ka rungume ƙwallo ka yi ta gudu da ita ba, sai dai ka riƙa buga ta da ƙasa tana dawowa hannunka. In ka jefa ta shiga daga kusa, maki 2 ne. In daga nesa ne, bayan wani layi da aka ja, maki 3. In an yi maka keta, alƙalin wasa ya ba ka jifa na kyauta, kowane ɗaya maki 1. Babbar gasar wannan wasa a duniya ita ce ta Amurka da ake kira NBA. A can kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a shekara, kafin ma a shiga zagayen neman kofi. Aikin mafi tsawo a ƙungiya shi ne ya tsaya kusa da kwando. Shi zai ci maki daga kusa, shi zai cafe ƙwallon da ta bugi zobe ta dawo, shi kuma zai doke ƙwallon abokan gaba tun tana sama kafin ta isa kwando. Wannan shi ne aikin Hakeem.

Daga Legas zuwa Sakkwato

An haife shi a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi, sana'arsu sayar da siminti. Tun yana yaro ya fi sa'o'insa tsawo, har ana yi masa tsiya. Wasan da ya tashi da shi ƙwallon ƙafa ne, kuma gola yake tsayawa. Yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15.

A nan ƙasar Hausa ta shigo labarin. Makarantarsu, wato Kwalejin Horar da Malamai ta Musulmi da ke Legas, za ta je wani bikin wasannin makarantun horar da malamai a Sakkwato. Hakeem yana cikin 'yan ƙwallon hannu. Sai wani ɗalibi ya roƙi mai horar da 'yan ƙwallon kwando ya sa wannan dogon yaro cikinsu. Aka yarda. Wannan tafiya ta Sakkwato ita ce mafarin komai.

A Amurka yara suna fara wannan wasa tun suna shekara biyar ko shida. Wato Hakeem ya makara da kusan shekara goma. Amma ya zo da guzurin da su ba su da shi. Gola yakan koyi karanta ƙwallo, ya san lokacin da zai yi tsalle, ba ya riga ba ya makara. Ɗan ƙwallon ƙafa kuma yakan koyi yaudara da jiki, ya nuna zai bi dama ya bi hagu. Shi da kansa ya sha faɗa cewa daga filin ƙwallon ƙafa ya samo waɗannan dabaru. Cikin shekara biyu har ya shiga ƙungiyar matasa ta Nijeriya. Wani mai horarwa Ba'amurke ya gan shi, ya haɗa shi da jami'o'in Amurka.

Ya sauka Amurka a shekarar 1980 yana ɗan shekara 17. Yadda yake ba da labari, da ya isa New York sanyi ya buge shi, sai ya zarce birnin Houston da ke jihar Texas, domin can akwai zafi irin na Legas. Jami'ar ba ta ɗauke shi wani abu ba. Ko mai tarye ba a aika filin jirgi ba. Da ya buga waya sai aka ce ya hau tasi ya zo.

Shekarar farko ko wasa ɗaya bai buga wa jami'ar ba. Ta biyu ma kaɗan ake sa shi. Siriri ne, yana saurin gajiya, yana yawan yin keta don bai gama sanin dokoki ba. Sai ya tambayi masu horarwa me zai yi. Suka tura shi wani ɗakin wasa a cikin gari inda ƙwararru suke motsa jiki lokacin hutu. A can ya haɗu da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan gwanayen NBA. Malone ƙaƙƙarfa ne, ba ya raga wa kowa. Kullum sai ya ture yaron nan, ya danne shi, ya ci maki a kansa. Hakeem bai gudu ba. Ya yi ta komawa har ya koyi tsayawa da ƙafarsa. Da aka koma makaranta, abokan wasansa suka ga kamar an canza mutum.

Jami'ar Houston ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka sau biyu a jere, a 1983 da 1984. Duka biyun aka cinye su. Na 1983 ya fi ciwo, domin a daƙiƙar ƙarshe aka jefa musu ƙwallon da ta raba gardama, aka tashi 54 da 52. Duk da haka Hakeem aka ba kyautar gwarzon gasar, abin da ba kasafai ake yi wa wanda aka cinye ba. A 1984 kuwa wani dogo mai suna Patrick Ewing ne da jami'arsa ta Georgetown suka doke su. A riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

An zaɓe shi kafin Michael Jordan

A NBA akwai wata al'ada. Kowace shekara ƙungiyoyi suna zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kaye su ake bari su fara zaɓe, don kada masu ƙarfi su kwashe komai. A 1984 aka jefa kwabo tsakanin ƙungiyar Houston Rockets da ta Portland. Houston ta ci, ta ɗauki Hakeem a matsayin na ɗaya. Wanda aka ɗauka na uku a wannan rana shi ne Michael Jordan, mutumin da da yawa suke cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Abin lura shi ne, har yau ba a cika jin mutanen Houston suna cewa sun yi kuskure ba.

Aka haɗa shi da Ralph Sampson, wanda ya fi shi tsawo da inci huɗu. A shekararsu ta biyu tare, 1986, suka kai wasan ƙarshe, amma Boston Celtics ta doke su. Kowa ya ɗauka za su dawo baɗi. Ina! Sampson ya samu ciwon gwiwa. An dakatar da wasu 'yan wasan ƙungiyar saboda shan ƙwaya. Hakeem ya zauna kusan shi kaɗai yana ɗauke da kaya, shekara bayan shekara.

Waɗannan shekaru ba su yi masa daɗi ba, kuma shi ma bai yi wa mutane daɗi ba. Yana da saurin fushi. Ya sha yin faɗa da abokan gaba, ya sha musu da alƙalan wasa, an sha korarsa daga fili ana cin sa tara. Ba ya son miƙa ƙwallo ga abokan wasansa, don yana ganin ba za su iya ba. Ko mutum uku suka kewaye shi sai ya nemi ya jefa da kansa. Gwaninta kam akwai. A wani wasa cikin Maris na 1990 ya ci maki 18, ya cafe ƙwallo 16, ya doke 11, ya miƙa 10 da aka ci maki da su. Mutum huɗu ne kacal aka rubuta sun taɓa haɗa goma-goma a fanni huɗu cikin wasa ɗaya a tarihin NBA. Amma gwanintar mutum ɗaya ba ta kawo kofi a wasan mutum biyar.

A farkon 1991 wani ɗan wasa ya buge shi da gwiwar hannu a fuska, ƙashin da ke kewaye da idonsa ya karye. Ya yi kusan wata biyu yana jinya. Abin mamaki, ƙungiyar ta yi ta cin wasanni ba tare da shi ba. Yana zaune yana kallo, ya ga ashe abokan nan nasa sun iya.

A daidai wannan zamani ne ya koma ga addininsa da gaske. Ya tashi cikin Musulunci, amma da ya je Amurka ya yi sakaci. Sai ya fara zuwa masallaci a Houston, ya riƙe salloli biyar, ya duƙufa karatun Alƙur'ani har a cikin jirgi in za su tafi wasa. Tun zuwansa Amurka ana rubuta sunansa Akeem. A watan Maris na 1991 ya ce a ƙara harafin H a gaba, ya zama Hakeem. Ya ce shi ba canza suna ya yi ba, gyara ya yi. Mai karatu ya san Hakimu a Larabci shi ne mai hikima.

Kada a ɗauka rana ɗaya ya sauya. A 1992 ma sai da aka yi babbar rigima. Ya ce yana ciwo a cinya, shugabannin ƙungiya suka ce ƙarya yake yi don a ƙara masa kuɗi, suka dakatar da shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce a sayar da shi ga wata ƙungiya. Saura kaɗan ya tafi. Sai ƙungiyar ta tashi zuwa Japan don buɗe sabuwar kakar wasa. A cikin jirgi, tafiya mai tsawo, shi da mai ƙungiyar suka zauna suka fahimci juna. Ya fasa tafiya. Sabon mai horarwa, Rudy Tomjanovich, ya tsara wasa a kansa: a ba Hakeem ƙwallo kusa da kwando, in mutum ɗaya ke tsaronsa ya ci, in biyu suka taho ya miƙa wa wanda aka bari babu tsaro. Wannan karon ya yarda ya miƙa.

Shekara biyu na sarauta

Turawa suna yi masa laƙabi da Dirim, wato mafarki, kalmar da ta yi daidai da ƙarshen sunansa. Akwai wata dabara tasa da ta yi suna. Zai karɓi ƙwallo ya juya wa mai tsaronsa baya. Sai ya girgiza kafaɗa kamar zai bi dama. Mai tsaro ya karkata. Sai ya juya hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa. Mai tsaro ya yi tsalle. Shi kuwa ƙafarsa ɗaya tana kafe a ƙasa, sai ya zame ta ƙarƙashin hannun mutumin ya ajiye ƙwallo cikin kwando. Wanda ya taɓa ganin gwanin kokawa yana ruɗa abokin karawarsa kafin ya ɗauke shi zai gane abin da ake nufi. Dogaye irinsa yawanci da ƙarfi suke wasa. Shi kuwa yana motsi kamar ƙaramin mutum.

A 1994 Houston ta kai wasan ƙarshe, ta haɗu da New York Knicks. Babban ɗan wasan New York shi ne Patrick Ewing, wanda ya hana shi kofi shekara goma da suka wuce. Ƙa'ida ita ce, wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke da kofi. New York ta ci uku, Houston biyu. A wasa na shida, saura daƙiƙu kaɗan a tashi, Houston tana gaba da maki 2 kacal. John Starks na New York ya tashi zai jefa ta nesa mai maki 3. In ta shiga, kofi ya tafi New York a daren nan. Hakeem ya taso daga baya, ya miƙa hannu, ya taɓa ƙwallon da 'yan yatsunsa. Ta faɗi ba ta kai ba. Aikin gola ke nan. Houston ta ci wasa na bakwai da maki 90 da 84, ta ɗauki kofi karo na farko a tarihinta. A wannan shekara Hakeem ya haɗa kyauta uku: gwarzon shekara, gwarzon tsaro, da gwarzon wasan ƙarshe. Shi ne na farko da ya taɓa haɗa su a shekara ɗaya.

Shekarar 1995 ta fi wuya. Ƙungiyar ta yi ta tangal-tangal, ta shiga zagayen neman kofi a matsayi na shida a yankinta. An kawo masa tsohon abokinsa na jami'a, Clyde Drexler, ya taimaka. A hanya suka haɗu da San Antonio, ƙungiyar David Robinson, wanda aka ba kyautar gwarzon shekarar a gaban idon Hakeem. Cikin wasa shida da suka buga, Hakeem yana cin maki 35 a kowane wasa in an raba daidai, Robinson kuwa 24. A wasan ƙarshe suka gamu da Orlando Magic ta Shaquille O'Neal, saurayi ƙato wanda ya fi Hakeem nauyi nesa ba kusa ba, amma Hakeem ya girme shi da shekara tara. Houston ta cinye huɗu a jere. Ba a taɓa samun ƙungiyar da ta taso daga matsayi na shida ta ɗauki kofi ba sai ita.

Masu gardama sukan ce ai Michael Jordan ba ya nan shi ya sa. Akwai ƙamshin gaskiya a 1994, domin Jordan ya ajiye wasa a lokacin. Amma ya dawo a Maris na 1995, kuma Orlando ɗin nan da Hakeem ya share ita ce ta fitar da ƙungiyar Jordan.

Azumi a fili

Abin da ya fi ba Amurkawa mamaki shi ne azuminsa. A shekarun nan watan Ramadan yana faɗowa tsakiyar kakar wasa. Yawancin wasanni da dare ake yi, saboda haka yakan sha ruwa ya ɗan ci abu mara nauyi kafin a fara. Amma akwai wasannin da ake yi da rana tsaka, musamman ranar Lahadi. A irin waɗannan haka zai yi ta gudu da tsalle, gumi yana zuba, ko kurɓin ruwa babu. Manomin da ya taɓa yin noma da azumi a bakinsa ya san wannan wahala. A 1995 azumi ya kama a farkon Fabrairu, kuma shi aka zaɓa gwarzon NBA na wannan watan. Ya ce azumi yana sa ya ji jikinsa sakayau.

Akwai kuma maganar takalmi. Manyan 'yan wasa suna samun kuɗi mai yawa in suka sa sunansu a takalman wasa, waɗanda ake sayarwa dala 120 ko fiye. Yaran talakawa a Amurka har sata da kisa sun yi saboda irin waɗannan takalma. Hakeem ya ce uwa matalauciya mai 'ya'ya uku ba za ta iya saye ba. Ya haɗa kai da kamfanin Spalding aka yi takalmi da sunansa na dala 35, ana sayarwa a kantunan masu ƙaramin ƙarfi.

Wani abu da bai yi wa wasu 'yan Nijeriya daɗi ba shi ne, ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, kuma Amurka ya buga wa wasa a gasar Olamfik ta birnin Atlanta a 1996, ya samu lambar zinare. A wannan gasa ce su Nwankwo Kanu suka ciyo wa Nijeriya zinare a ƙwallon ƙafa.

Bayan haka shekaru da ciwo suka fara cin ƙarfinsa. Ya yi shekara 17 a Houston, ya ƙara ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada, sannan ciwon baya ya sa ya ajiye wasa a 2002 yana da shekara 39. Jimillar makin da ya ci 26,946. Ƙwallon da ya doke a sama kuwa 3,830 ne. Tun da aka fara ƙidayar wannan fanni babu wanda ya kai haka.

'Yan wasa da yawa in sun bar fili dukiyarsu takan watse cikin 'yan shekaru. Hakeem ya shiga cinikin filaye da gine-gine a Houston. Ba ya cin bashin banki mai ruwa, saboda haramcin riba. Da kuɗi hannu yake saye. Wannan ya rage masa yawan abin da zai iya saye, amma ya ba shi wata dama: mai sayarwa ya fi son wanda zai biya nan take a kan wanda zai jira banki ya amince. Ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin ya mai da shi masallaci da cibiyar da'awa, aka buɗe a 2002. Ya kuma zauna da iyalinsa a ƙasar Jodan na wasu shekaru yana karatun addini.

Gwanayen da suka zo bayansa, irin su Kobe Bryant da LeBron James, sun yi takakkiya har wurinsa don ya koya musu aikin ƙafa. A 2008 aka sa shi cikin jerin gwarazan wasan na tarihi. A 2022 hukumar NBA ta sa wa kofin da ake ba gwarzon tsaro na kowace shekara sunansa.

A Amurka in ɗan wasa ya yi fice akan ƙera mutum-mutuminsa a ƙofar filin wasa. Da ƙungiyar Houston ta tashi yi masa haka, ya nuna ba ya son a sassaƙa siffarsa, saboda addininsa. Sai aka ƙera rigarsa ta wasa da tagulla, mai lamba 34, aka kafa a gaban filin a 2008. Lambar kuwa tun 2002 aka jingine ta, babu ɗan wasan Houston da zai sake sa ta.